Maɓallin da ke Ƙarƙashin Kujera

Duk wanda ya san Ɗayyabu a Zawaciki, da warinsa ya fara saninsa. Ba zagi ba ne, aikinsa ne ya jawo. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu na ƙasar Ringim ya kama aiki a wani kamfanin fata da ke Challawa, a ɓangaren da ake jiƙa fatu cikin ruwan magani, kuma warin wurin nan ba ya jin sabulu. In ya shiga adaidaita, nan take fasinjoji za su tuna suna son shan iska, kowa ya leƙa da kansa waje. Yakan yi kamar bai gani ba, amma abin yana yi masa ciwo.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gyara zama saboda shi ba, wato Malam Shu'aibu, dattijon da ke karantar da magidanta littattafai a zaurensa. Shi ya jawo Ɗayyabu sahun gaba a masallacin lungu ya haɗa kafaɗa da shi. Shi ya karɓa masa auren Saudat, shi ya yi wa 'yarsu Rumaisa huɗuba. Daga nan aka daina cewa "baƙon nan mai fata", aka koma cewa Ɗayyabun Malam. Ba shi da kowa a Kano. Lungun nan ne danginsa, kuma ya san sarai wanda ya ba shi su.

Bayan shekaru yana haƙuri da ganguna da fatu, Allah ya hore masa wata tsohuwar mota ja wadda rana ta gama cinye fentinta. Ya saye ta ne don ya huta da kallon cikin adaidaita. Bai gama murna ba mai ya yi tashin da ya yi, sai ga Ɗayyabu ya koma bin motar kamfani kamar kowa. Tasa kuwa tana ƙofar gidan Malam a gindin darbejiya, don a ƙofar nasa gidan ko kurar ruwa da kyar take juyawa.

To, mota ɗaya a lungu ba ta mai ita ba ce, kowa ya san haka. Makullinta yana rataye a ƙusa bayan ƙofar Saudat. Naƙuda ta tashi, a aiko. Za a kai amarya, a aiko. Tijjani, babban ɗan Malam mai shagon kayan masarufi a bakin lungu, shi ne direban kowa. "Motarmu" ake ce mata. Ɗayyabu yana jin daɗin kalmar har cikin ransa, ko da yake akwai ranakun da zai dawo ya tarar an ɓarar da miya a kujera, allurar mai ta kwanta, ya haɗiye abin da ya zo masa baki.

Ana nan sai aka sace motar abokin aikinsa Lawal a wajen sallar Juma'a. Mutum ya sallame ya tarar da fili. Daga ranar hankalin Ɗayyabu bai sake kwanciya ba. A kamfaninsu, da ka shiga za ka kashe waya ka ajiye wurin masu gadi, a rufe ƙofa, ba fita sai an tashi. Yana tsaye gaban ganga tana juyawa, zuciyarsa tana gindin darbejiya, yana ganin wani ƙato yana ja da baya da motarsa a hankali.

Ranar hutunsa ya tafi Sharaɗa wurin Kamilu mai gyaran wutar mota, wanda rumfarsa ke jingine da katangar wani kamfani da ya daɗe da mutuwa. Kamilu irin mutanen nan ne da duk mai mota Alhaji ne a bakinsu. Ya baje kaya a kan bonet.

"Alhaji, ga wannan, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ta yi ihu."

Ɗayyabu ya tuna awakin lungu masu sosa jiki da taya, ya tuna Malam yana tsakiyar karatu. Ya girgiza kai.

"To ga mai haɗawa da waya, duk inda aka kai ta kana gani."

"Wayar da ke kwana a akwatin masu gadi?"

Kamilu ya yi dariya, ya zaro wani ɗan abu baƙi da bai fi ƙwayar dabino ba. "Ashe wannan ce taka. Maɓalli ne, zan ɓoye maka shi. Ka tayar da mota, ka danna, ka yi tafiyarka. Ɓarawo kuwa zai tayar ya tafi yana murna, kafin ya yi nisa ta mutu a tsakiyar titi, jiniya ta kama kururuwa. Sauran aikin jama'a za su ƙarasa maka."

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ya yanke wannan waya ya ɗaura waccan, ya liƙe maɓallin a ƙasan kujerar direba inda sai hannun da ya sani zai kai. Da ya gama ya rage murya. "Sharaɗi ɗaya, Alhaji. Kada ka nuna wa kowa, ko madam. Yawancin motar da ake sacewa, na gida ne ya ba da hanya."

A hanyar dawowa Ɗayyabu ya ƙudurta zai nuna wa Tijjani. Da ya iso ya tarar da shi cikin mutane, ya ce sai gobe. Gobe ta zo, ya sake ɗagawa. Gaskiyar magana, abin ya yi masa daɗi. Karon farko ke nan da ya ji akwai wani abu a motar nan da yake nasa shi kaɗai. Aka yi sa'a kuma, a makonnin nan duk buƙatar da ta taso yana gida, sai ya ce a bari ya kai da kansa, ya zura hannu ƙasa kamar mai gyara kujera.

Abin da ya kamata shi ne ya cire makullin daga ƙusa. Amma ina! Cire makulli magana ce, duk lungu za su ji ta. Da wane ido zai kalli Malam in aka aiko aka ce babu? Ya kasa hanawa, ya kasa faɗa, sai ya bar makulli a rataye, sirri kuma a cikinsa.

Wata Talata da la'asar, motar kamfani ta ɗebo su daga Challawa. Suna kan titin Panshekara ya hango jar mota a gefen hanya, fitilunta na ƙiftawa, jiniyarta na wani kuka a shaƙe saboda batir ya kusa ƙarewa. Allah ya sani, abin da ya fara zuwa masa murna ce. An kama ɓarawo! Ya buga jikin mota aka tsaya, ya dira yana haki.

Wani mai faci da ke wurin ya taso. "Taka ce? Kai, yau mun ga tashin hankali. Da hantsi ta mutu a nan tana ihu, mutane suka yo ca, aka finciko direban ta taga. Yana cewa mahaifinsa ne a baya ba lafiya, wa zai ji shi cikin wannan ƙara? Sai da wani ya leƙa ya gane tsohon, sannan aka sake shi. Kafin a samu adaidaita a ɗora shi, an ɗauki lokaci."

Ɗayyabu ya buɗe ƙofar baya. Hular Malam tana kan kujera, takalminsa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya kunna wayarsa, kiran Saudat ya yi ta shigowa a jere. Ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya danna, jiniyar ta yi shiru. Dannawa ɗaya kawai.

Malam ya yanke jiki ya faɗi ne yana tsakiyar karatu, Tijjani ya ɗauko shi a motar, kuma ya cika bai kai ga ganin likita ba. Ɗayyabu ya samu jana'iza da kyar, a sahun baya.

A zaman makoki ya rarrafa gaban Tijjani, wanda leɓensa ke kumbure, ido ɗaya a rufe. Ya fara yi masa bayanin maɓallin da ya ɓoye. Ya so a zage shi, ya so a ɗaga hannu a mare shi, ko ya samu inda zai ajiye abin da ke ƙirjinsa. Tijjani ya dafa shi a hankali.

"Haba Yaya Ɗayyabu, kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya ga laifinka. Motarka ce, kana da ikon ka tsare abinka."

Dattawan da ke wurin suka ce haka ne, Allah ya jiƙan Malam. Ba wanda ya ɗaga murya. Shi kuwa kalma ɗaya ce ta tsaya masa a rai, don tun da ya sayi motar nan bai taɓa jin wani a lungu ya ce mata motarka ba.

Bayan addu'ar uku ya koma Sharaɗa ya sa Kamilu ya cire komai. Kamilu yana ta mita wai aiki mai kyau za a lalata. Ya dawo ya faɗa a masallaci, a gaban kowa, cewa an cire, makulli yana inda aka sani. Aka ce madalla, Allah ya saka da alheri. Ana gaisawa da shi kamar da, ana amsa sallamarsa, ana aiko wa Saudat tuwon suna. Makulli dai yana ƙusa, har ƙura ta fara hawansa. Sayar da motar ma ya gagara, don gani yake in ta bar gindin darbejiya, shi ma ya tashi daga lungun ke nan.

Ran nan yana hutu, yana wanke ta da hantsi, sai ga maƙwabcinsa Idi ya fito riƙe da matarsa da naƙuda ta kama, tana tafiya tana tsayawa, tsofaffi mata biyu na biye da ƙullin kaya. Ɗayyabu ya yar da soso, ya ruga ya ɗauko makulli, ya buɗe ƙofar baya.

"Malam Idi, ga mota. Wallahi an cire, ba komai a jikinta."

"Allah sarki, mun gode," in ji Idi, bai ko rage sauri ba. "Kada ka wahalar da kanka, mun riga mun kira mai adaidaita, yana bakin titi."

Suka wuce shi a hankali, matar tana cije leɓe, har suka sha kwana. Ɗayyabu ya daɗe a tsaye da makulli a hannu, ruwan kumfa na bin ƙafarsa. Can ya mayar da ƙofar ya rufe, ya sunkuya ya ɗauki sosonsa.