Tukwanen Inna

Lokacin korona aka yi sanarwa a Jidda cewa gwamnati za ta yi wa kowa magani kyauta, har wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu. Ta mahaifiyata ta daɗe da mutuwa, don haka ta ce tarko ne. Sai da numfashi ya fara gagararta ta yarda mu tafi asibiti. Kafin mu fita ta raba wa maƙwabtanmu na unguwar Hindawiyya tukwanenta da turminta, ta nemi gafarar kowa, don ta tabbata daga asibiti sai jirgin Yamai, a kora ta gida.

Wallahi ba wanda ya tsare mu kan iƙama! Nan take aka ba Inna gado. Ina fitowa na dinga buga waya ina ihu, "Gaskiya ne, ku kawo marasa lafiyarku!"

Bayan kwana tara aka sallame ta. Ko zama ba ta yi ba ta bi gida-gida tana karɓar kayanta. Wadda ta samu turmin ta ce, "Hajiya, ai kyauta kika ba ni."

Inna ta ce, "Wadda za a kora ce ta ba ki. Ni ina nan."