Baba Kwalba Ya Wanke Jarrabawarsa

Shekara ashirin da shida Baba Kwalba yana wanke gilasan ɗakin gwaje-gwaje na kwaleji. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, ya bi shi har gida, don ko matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa. Mutum ne da ba ya iya ganin ruwa a gilashi ya ƙyale. Ko shayi ka ajiye ka juya baya, sai dai ka tarar da kofin a kife yana sheƙi.

Yana da shekara hamsin da biyu ya ce shi ma karatun zai yi. Aka yi ta dariya. Shi kuwa ko a jikinsa, ya cike fom, ya ɗinka farar riga sabuwa fil, ya zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Lissafi ya gasa masa aya a hannu, da ƙyar ya tsallake. Saura jarrabawar gwajin sinadarai, kuma sharaɗin da kwaleji ta gindaya masa ɗaya ne: in ya faɗi, karatu ya ƙare, ya koma bakin famfo.

Aikin da aka ba su ran nan, shi ya tsufa yana jera wa wasu kayansa. Za ka ɗiga sinadari daga dogon bututu mai lambobi cikin kwalbar asid, ɗigo-ɗigo, har ruwan ya juya ruwan hoda mai haske. Daga nan ka ɗaga hannu, Dakta mai koyar da kwas ɗin ta zo ta gani ta sa hannu a takardarka. In ba ta ga launin da idonta ba, babu maki.

Yara suka yi ta zuba sinadari kamar masu ban ruwa, na wasu ya yi jajir. Baba Kwalba kuwa ya murza famfon bututun da yatsu biyu, yana kaɗa kwalba a hankali. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, sai ga launin ya fito, ya tsaya cak. Daɗi ya kashe shi. Ya rubuta lambar, ya ɗaga hannu, ya shiga tsara yadda zai ba matarsa labari, har da inda zai yi shiru don ta matsu. Yana ta murmushi shi kaɗai.

Dakta ta iso da biro a hannu.

"Baba, ina kwalbar?"

Ya duba tebur, wayam. Ya waiga, sai ga ta can a kife kan abin shanya gilasai, tas, ruwa na ɗiga. Ga buroshi a hannunsa na dama, shi kansa bai san sa'ad da ya ɗauka ba.

Aji ya ɓarke da dariya. Wata ɗaliba har da zama a ƙasa tana riƙe ciki.

"Ranki ya daɗe, wallahi ya fito! Launin ya fito!"

"Na yarda, Baba," in ji Dakta, tana danne tata dariyar. "Amma ka fi ni sanin doka. Saura minti tara."

Tsoro ya kama shi sosai. Amma hannun da ya jawo masa, shi ya fisshe shi. Ya auna asid, ya cika bututu, ya kaɗa, ya ɗiga, aji duka an bar aiki ana kallo. Cikin minti shida launin ya dawo. Baba ya yi tsalle baya, ya ware hannuwa.

"Ku riƙe ni! Don Allah ku riƙe ni!"

Ɗalibai biyu suka cafke shi, ɗaya dama ɗaya hagu, yana tsakiya yana rawar kafaɗa. Dakta ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta duba, ta duba lambarsa, ta sa hannu. Ɗaki ya kaure da tafi.

Da aka sake shi, hannu ya sake nufar kwalbar. Dakta ta dafe ta.

"Bar ta nan, Baba. Ɗalibai ba sa wanki ranar jarrabawa. Tafi abinka."

Ya tsaya yana kallonta, idanunsa suka ciko. Ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihun farar rigar, ya bi sahun 'yan ajinsu suka fita tare.