Sammacin da Na Yanko wa Taubashina

Ɗan kawuna bai taɓa yi mini gaisuwar mutunci ba tun muna yara. In ya hango ni, ko a tsakiyar kasuwar Tamale ne, sai ya ɗaga murya: "Bawana! Wa ya kwance ka da sassafen nan?" Ni kuwa in kira shi mai kan tulu. Mutane su yi dariya, kowa ya kama gabansa. Taubasai ne mu, uwata da ubansa ciki ɗaya. A al'adar da kakanninmu fatake suka taho da ita daga ƙasar Hausa, ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace kuwa bawa. Duk shekara in watan cika-ciki ya kama nakan kai masa kuɗin shara, sule guda, ya karɓa yana mita wai bawan nan nasa ba shi da albarka. Ba a fushi da taubashi, ba a kai ƙararsa. Abin da ya yi maka duk wasa ne, sai dai ka jira ranar ramuwa. Babu zagin da ya taɓa yi mini daɗi a duniya kamar nasa, kuma wannan wasan ne na yi caca da shi a kan fitilar mota guda ɗaya.

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ina tuƙa wata ƙaramar baƙar motar haya. Ba tawa ba ce, ta wata Hajiya ce mai fataucin goro. Direban da ya gabace ni ƙwarzanen ƙofa kawai ya yi ta karɓe makulli, kuma duk tasha an san labarin. Ranar da za ta tafi Kumasi sarin goro sai da ta zagaya motar tana shafa ta da ɗan yatsa, sannan ta ce da ni mako biyu za ta yi, in ta dawo tana son ta ga fuskarta a jikin fentin. Na ce to, Hajiya. A raina kuwa ina addu'ar kada ta duƙa, domin a ƙasan ƙofar baya akwai wata 'yar lotsawa da ni na yi ta da kaina a jikin turken ƙofar gidanmu, na shafe ta da baƙin man takalmi.

Kwana uku da tafiyarta na sauke wata mata da kwandon zabinta a hanyar Kukuo, na raɓa gindin wata ɗorawa ina lissafin canji. Taubashina yana tuƙa lori mai akwatin katako, yana jigilar doya daga Gbalahi. Ban ankara ba sai na ga bayan lorin yana matsowa a hankali, yana baya da baya zai sauke kaya, babu mai duba masa. Na danna oda har yatsana ya yi zafi. Sai ji na yi ƙwaras. Fitilar hagu ta tarwatse, ƙarfen da ke rufe tayar gaba ya lotsa. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Ya sauko yana gyara hula, ya duba, ya dube ni, sai ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Ashe tawa na buga. Bawa da abin da ke hannunsa ai duk na ubangidansa ne."

Masu sauke doya suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce gobe da hantsi mu kai ta wurin fita tare. Fita shi ne sunan da muke kiran makanike a can.

Wannan "tare" ɗin ba maganar banza ba ce. Ƙa'idar direbobin tasha ke nan: wanda ya buga da wanda aka buga su je wurin mai gyara ƙafa da ƙafa, mai biya ya yi ciniki da bakinsa, a tsayar da magana a gaban kowa. Na san wannan kamar yunwar cikina. Amma ni mutum ne mai gaggawa, uwata takan ce na faɗo duniya tun ungozoma tana neman takalminta. Gobe da hantsi ta yi mini nisa kamar baɗi. Kafin la'asar na kai motar ni kaɗai.

Fitan wani Ba'asante ne mai ƙaton tumbi, yana da rumfar kwano a bayan tasha. Ya tsuguna, ya leƙa, ya tsotsi haƙori, ya kira ni "Masa", wato maigida a bakinsu.

"Masa, wannan fitila babu shi Tamale. Sai na aika Kumasi, lori ya kawo. Ƙarfe kuma zan buga shi, in sa fenti. Duka fam huɗu da sule goma."

Ni da nake ja-in-ja da mai gyaɗa a kan kwabo, ko tayi ban yi ba. Albashina na wata bai kai haka ba, amma ai ba ni zan biya ba. Har na juya zan tafi sai Shaiɗan ya ja ni baya. Na nuna masa lotsawar ƙofar nan, na ce tunda fenti ɗaya ne, ya haɗa da ita. Ya ce ai ya riga ya gan ta, tana cikin kuɗin.

Washegari da hantsi taubashina ya zo gidanmu kamar yadda ya ce, aka gaya masa ina wurin fita. Ya same mu an riga an kwance gaban motar, tana zaune kamar tsohuwa mai giɓi. Da ya ji kuɗin sai ya yi fito.

"Bawana, sabuwar mota ka yi mini oda daga Ingila?"

Ya ce akwai maƙeri a Dungu da zai miƙe ƙarfen nan a kan sule goma, fitila kuwa a cire a jikin wata matacciyar mota. Yana magana yana zagayawa, sai ya ci birki a wajen ƙofar baya, inda fita ya riga ya kankare man takalmina.

"Wannan fa? Lorina yana da hannu ne, ya zagayo ya mare ta a nan?"

Na ce girgizar karon ce. Ya dube ni har na sunkuyar da kai, sannan ya yi dariya, ya ce sule talatin zai bayar, sauran kuwa bawa ya nemi ƙwadago. Na ce fam huɗu da sule goma, ko sisi ba za a rage ba. Ya ce bakin bawa ya yi kaifi, a bana sharar sule biyu ce.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Fita ya ce mota ba ta fita rumfarsa sai kuɗi ya cika. Nakan je wurinsa sau uku a yini, in zauna a kan tsohuwar taya, in tashi, in leƙa tasha, in dawo. In ina salla sai in tarar ina ƙirga kwanakin Hajiya maimakon raka'a. Na tare taubashina a tasha, ya ce wa direbobi ga bawansa ya zo gaisuwa. Na ari keke na bi shi har Gbalahi, na yi ta "dasiba", ina kwana irin ta mutanen yankin, da manoma suna amsa mini "naa" suna nuna mini gona ta gaba. Da na same shi sai ya ɗaura mini doya biyu a bayan keke, wai in ci in yi ƙiba kafin ya sayar da ni.

Matsalar taubashi ke nan. Babu ƙofar da za ka bi ka yi magana ta gaskiya da shi. In ka ɗaure fuska ya ce wasa ne, in ka yi tsawa ya ce wasan ya yi daɗi. Har yau ban sani ba ko so yake in ɗan sha wuya saboda ƙaryar ƙofa sannan ya biya, ko kuwa da gaske sule talatin ɗin ne iyakarsa. Na tsane shi a kwanakin nan, tsana ta gaske, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba.

Hanya tana nan a buɗe, uwata ta nuna mini ita. Ta ce in je wurin kawu in faɗa masa, ya tara mu a zaure, a kira fita, magana ta mutu kafin shayi ya huce. Amma na san a zauren kawu sai an tambayi ƙofar nan, kuma a gabansa ba zan iya cewa girgiza ce ba. Sai na tuna da kotu. A lokacin kowa yana cewa ƙasa ta zama tamu, shari'a ma tamu ce, talaka yana iya kai ƙarar kowa. Sabuwar tuta mai baƙin tauraro tana kaɗawa a ƙofar kotun. Ni dai abin da ya ja ni shi ne takarda ba ta san ƙofar baya ba, abin da ka faɗa mata shi take riƙewa.

Da uwata ta ji inda na nufa sai ta ajiye muciya.

"Ɗan kawun naka za ka kai wa alƙali? Kai, wasa ba ya shiga kotu ya fito da rai."

Na ce saura kwana huɗu Hajiya ta dawo, wasa ba zai ciyar da mu ba. Na je gindin darbejiya inda mai rubuta wasiƙu yake zama da keken rubutunsa, na biya shi ya buga mini ƙara, na shiga na yanko sammaci.

Ba na wurin aka kai masa, direbobi suka ba ni labari. Masinjan kotu ya same shi a tasha da rana tsaka, cikin mutane. Taubashina bai yi boko ba, don haka sai da akawun tasha ya karanta masa takardar da ƙarfi, kowa yana ji. Wai da farko har tafi ya yi, yana cewa lalle bawan nan ya iya ramuwa, a ina ya samo kaki ya sa wa mutum? Sai masinja ya buɗe 'yar kwalbar tawada ya ce ya dangwala yatsa. Suka ce ya daɗe yana kallon babban yatsansa kafin ya miƙa.

Washegari bayan la'asar muka ji sallama a ƙofar gida. Shi da yake faɗowa kai tsaye har madafa ya tsamo nama a tukunya, yau ya tsaya sai da aka ce ya shigo. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida gwaggonsa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ina wuni? Ina gajiya?"

Gara a ce mari ya kwaɗa mini. Ya zaro ƙullin tsumma ya ƙirga kuɗin a kan tabarma, fam huɗu da sule goma cif. Daga baya na ji ragon da yake kiwo saboda suna ya sayar, matarsa tana da tsohon ciki a lokacin. Na ce masa ya tsaya, ƙofar nan ni na lotsa ta, ya cire kuɗinta.

"A'a, Malam. Abin da takarda ta ce shi za a bi."

Uwata ta tashi ta shige ɗaki. Na je na janye ƙarar da safe, na karɓo mota tana ƙyalli.

Hajiya ta dawo ranar da ta ce. Ta zagaya motar da ɗan yatsanta, ta ga fuskarta a jikin fenti, ta ba ni goro biyar farare. Ba ta lura da komai ba. Makulli ya zauna a aljihuna, kuma na yi ta jiran farin ciki ya zo bai zo ba. A tasha taubashina yakan ɗaga mini hannu daga nesa kamar yadda yake ɗaga wa kowa. Ranar sunan ɗansa aka yanka ɗan akuya, aka shimfiɗa mini tabarma a wajen baƙi.

Na sa rai ga watan cika-ciki. Na ce a raina shara ai shara ce, babu taubashin da zai ga sulensa ya ƙi. Ranar na zaɓi mafi tsufar rigata, wadda ta yage a hammata, don kawai in ba shi abin faɗa. Ya tarbe ni a zaure, ya sa aka kawo mini ruwa a kwanon baƙi, ya tambayi lafiyar gwaggo da ta aiki. Na ajiye sulen a gabansa na ce ga shara, ubangidana. Ya sa yatsa ɗaya ya turo mini shi a kan tabarma.

"Ai ba na bin ka komai, Malam."

Na ce da shi mai kan tulu. Ya yi mini murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce in gaida gida.