Ranar da Na Kama Hannun Kawu

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta da ranar da na kama wuyan hannun Kawuna a gaban mutanen unguwa, hama tana sama. An sha ba ni shawara in ce Shaiɗan ne ya zuga ni, a wuce wurin. Ba Shaiɗan ba ne, ni ne, kuma da hankalina na yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga Arewa ya kawo ni Enugu, ya zaunar da ni a rumfarsa ta gyaran keke a Abakpa Nike. Okada ta cinye rabin sana'ar tun kafin in zo, amma mahauta masu ɗauko nama daga kwata da masu jarkokin manja ba su rabu da kekunansu na ƙarfe ba, irin waɗanda mutum biyu ke ɗagawa. Na yi fiye da shekara goma a rumfar nan. Na yi aure, na haifi biyu, gemu ya cika min fuska, amma a bakin Kawu sunana "yaron nan", kuma aikina bai wuce faci da wanke sarƙa ba. Abin yana ci min rai ƙwarai, shiru kawai nake yi.

Kawu yana da wata doka da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ta. Idan noti ya ɗauru tam, sai ka yi bisimilla, ka danna kafaɗa, ka ƙara masa juyi ɗaya. Shi yake kira juyin hanya. A cewarsa keken da zai ɗauki cinyar sa a kan hanyar Enugu, in ba a yi masa wannan ba, a rami na uku zai watse. Kuma gaskiyarsa ne, ban taɓa ganin notin Kawu ya kwance ba.

Wata Laraba wani malamin makaranta, mutumin kudancin Kaduna da muke kira Ticha, ya sauko daga okada rungume da kwali. Ya buɗe ya zaro firam ɗin keke, baƙi wuluk, tsirara, ba ƙafa ba kai ba sarƙa. Na ɗaga shi da yatsa biyu. Yayansa ne ya aiko masa daga waje, da giya da birki da ƙahon gaba mai shokazoba a wata jaka, saura kuma sai an nemo. Keken hawan dutse ne, kuma jikinsa ba ƙarfe ba ne, kabon ne, wasu zarurruka da ake saƙawa a daskarar da su. Dattawan da ke zama a bencin rumfar suka yi ta dariya. Wani mahauci ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ce, "Ticha, an cuce ka, bokitin roba aka aiko maka."

Ni kuwa murna nake yi. Na daɗe ina kallon yadda ake haɗa irinsa a waya, abin da Kawu ke kira kallon banza. Ticha ya san da haka, don mun sha hira. Da zai tafi ya gaida Kawu da ladabi, sannan ya sa firam ɗin a hannuna, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, amana ce. Ba ni da wani in wannan ya lalace."

Washegari da hantsi Kawu ya ce a fara da boris ɗin gindin feda. Ya kwantar da firam ɗin a kan kututture, ya saita kofin boris a bakin ramin, ya ɗora guntun katako, ya miƙa hannu ya ɗauko hama. Haka muke yi wa na ƙarfe, duka uku ya shige. Amma kabon ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi ta ciki inda ido ba ya gani, sai ranar da mutum ke gangarowa daga kan tudu ya rabe biyu.

Na ce, "Kawu, wannan ba a dukansa. Matsa shi ake yi a hankali."

Ko kallona bai yi ba. "Ina haɗa keke uwarka tana talla. Matsa can."

"Kawu, don Allah, zai tsage."

Ya ɗaga hamar. Ban san lokacin da na tashi daga kan tayar da nake zaune ba, sai ganin hannuna na yi a wuyan hannunsa. Na riƙe gam. Wani mai rediyo a bencin nan ya rage murya. A wurinmu ko da baki ba a gyara wa maigida aiki a gaban mutane, balle a taɓa shi. Kawu ya dubi hannuna, ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Sake ni." Na ce, "Sai ka ajiye, Kawu." Ya ajiye hamar a ƙasa, ya tura min firam ɗin da ƙafa. "Ɗauki robarka. Tunda ka fi ni sani, je ka haɗa. Kada in sake ganin ƙafarka a rumfar nan."

Wani dattijo ya biyo ni yana cewa in koma in durƙusa tun abin bai yi nisa ba. Na ce masa ban yi abin durƙusawa ba. Na rataya firam ɗin a kafaɗa na nufi gida, ina tafe ina huci. Na rantse a raina sai keken nan ya hau titi a gaban rumfar, da ƙafafunsa biyu, kowa ya gani. In na kasa, to Kawu ya yi gaskiya, ni yaron faci ne har in mutu.

Matata tela ce, a ɗaki take ɗinki. Ta ɗago kai ta ga abin da na shigo da shi, ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "Maigida, wato a kan wannan ƙashin kifin ka bar aikinka?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta ja kujerarta gefe ta ba ni rabin ɗakin.

Na hau mota zuwa Onitsha neman rim da sifok, wato wayoyin ƙafa, da tayoyi masu ƙaya. Na yini ina zagaya layin masu kayan keke na gwanjo. Wani ɗan kasuwa ya ga takardar awon da na rubuta ya ce, "Aboki, na you wan build am?" Wato wai ni ne zan haɗa? Na ce masa ni ne, in yana da kayan ya fito da su, in ba shi da su in yi gaba. Ya fito da su. Daga nan na wuce Fatakwal, wurin wani abokina mai gyaran injin jirgin ruwa a Borokiri, na aro wata ƙaramar sufana mai awo. Kana saita mata ƙarfin da ake so, idan noti ya kai sai ta yi ƙas, kai kuma ka tsaya. A jikin firam ɗin an rubuta lambar ƙarfin kowane noti da ƙananan haruffa.

Boris ɗin da aka yi rigima a kansa, da dogon ƙarfe mai zare da noti biyu da faifan katako biyu na matsa shi, ina juyawa kaɗan-kaɗan har ya zauna daram ba tare da ko ƙara ba. Na so a ce dattawan bencin nan suna wurin. Wayar giya ce ta wahalar da ni, don ta cikin firam ɗin take bi, ta shiga wani ɗan rami ta fito ta wani. Na yi rabin yini ina zungura, ta ƙi fitowa. Matata ta gaji da tsakina, ta ɗaura 'yar auduga a bakin zaren ɗinki, ta tura a ramin sama, ta sa baki a na ƙasa ta zuƙa, sai ga zare. Muka ɗaura wayar muka jawo. Har yau in muka yi faɗa sai ta tuna min.

Kaina ya fara girma, ina jin ba wanda ya kai ni. Ranar da na zo ɗaure sandar sirdi, ita ma ta kabon ce, na saita sufanar, na juya, ta yi ƙas. Na ji ƙarar sarai da kunnena. Amma bakina ya riga ya yi bisimilla, kafaɗata ta danna, na ƙara juyin hanya. Sai na ji tas, kamar an taka ɓawon gyaɗa.

Na zauna a ƙasa. Ni da na kama hannun Kawu don kada ya fasa kayan mutane, ga hannun Kawu a jikina ya fasa. Na zare sandar, ta tsage tsawon yatsa. Na fito da firam ɗin rana, na bi wuyan ramin da ido, na ƙwanƙwasa shi da gindin cokali ina saurare. Allah Ya rufa asiri, sandar ce kawai ta tafi.

Da na mayar da ita ciki, tsagar za ta ɓuya, ba mai gani. Na yi wannan tunanin, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ɗauke ta na kai wa Ticha makaranta lokacin tashi, na faɗa masa yadda aka yi. Ya juya ta a hannu ya daɗe, ya ce, "Ko in aika keken Legas ne? An ce akwai masu aikin a can." Na ce, "Ticha, in ka ɗauke shi yau ka gama da ni a unguwar nan. Ba ni mako biyu, sandar kuma ni zan nemo." Ya yi ajiyar zuciya. "Da ka ɓoye, sai a kan dutse zan sani. Ci gaba."

Sanda ta samu a Onitsha. Ƙafafu ne suka gagare ni. Sau uku ina saƙa sifok ina kwancewa, duk lokacin da na juya rim ɗin sai ya riƙa rawa kamar mai jin sanyi. Wayar hannu ta nuna min yadda ake yi, amma ba ta ba ni kunnen da ake yi da shi ba. Mutum ɗaya na sani a Abakpa da ke miƙar da ƙafar keke da guntun alli da sauraron ƙarar sifok, kuma shi ne ya kore ni.

Na kwana biyu ina gardama da zuciyata, a na uku na rungumi keken da ƙafafun a hannu na tafi rumfa bayan la'asar, lokacin da benci ke cika. Da gangan na zaɓi lokacin. Na tsuguna na gaida Kawu yadda ya kamata. Dattijon nan ya yi murmushi ya ce, "Madalla, ya zo neman gafara." Na ce, "Kawu, na yi laifi da na kama hannunka a gaban mutane, ka yafe min wannan. Amma da za ka sake ɗaga hama a kan firam ɗin nan, zan sake kamawa." Murmushin dattijo ya ɗauke. Na ci gaba, na faɗa masa na fasa sanda da juyin hanya, kuma ƙafafu sun fi ƙarfina.

Kawu ya miƙo hannu ya karɓi ƙafar baya, ya juya ta, ya kaɗa sifok ɗaya da farce ya kara kunne. "Wane makaho ne ya saƙa wannan?" Na ce ni ne. Ya zaro alli daga bayan kunnensa. Kafin a kira magariba ƙafafun biyu suna juyawa tamkar ba sa motsi.

A nan gaban rumfar na ɗaura su, na sa sarƙa, na gwada giya da birki. Noti ɗaya ya rage, na sandar sirdi. Kawu ya ce, "Miƙo wannan sufanar taka mai magana." Na saita na ba shi. Ya juya a hankali, ta yi ƙas. Na ga leɓensa ya motsa, na ga kafaɗarsa ta taso, ni kuma hannuna ya riga ya tashi ya tsaya kusa da nasa, kowa yana kallo. Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Sauke hannunka, kunnena bai mutu ba." Ya saki sufanar.

Ranar Asabar Ticha ya hau keken ya bi tudun da manyan motoci ke nishi a kai, ya dawo ta gaban rumfar jikinsa duk jar laka, ba abin da ya kwance. Mahaucin da ya ce bokiti ne ya roƙa a bar shi ya ɗana.

Kawu bai ce in dawo ba, ni ma ban roƙa ba. Na kafa tawa rumfar a tsallaken titi. In aka kawo masa irin waɗannan kekunan sai ya nuna da haɓa ya ce, "Ku kai wa mai taurin kan can." Ni kuma duk ƙafar da ta yi rawa, wurinsa nake tsallakawa da ita, har ƙarfinsa ya ƙare. Bai sake ce min "yaron nan" ba.

Abin da na koya shi ne, girmama babba bai kai ga ka zuba ido ya fasa amanar da aka damƙa maka ba. Ka ba shi haƙuri a kan abin da ka yi ba daidai ba, ka tsaya a kan wanda ka yi daidai, ko da benci duka yana hararar ka. Amma ka sa ido a kan naka hannun fiye da nasa. Har yau duk lokacin da sufana ta yi ƙas, kafaɗata takan taso, sai na ce mata ta zauna.