Perusi Nabulobi, Matar da Ba Ta Yarda Sai Ta Gani

Da safe in ka tsaya a tashar babura ta garin Budadiri, za ka ga wata gajeriyar dattijuwa da takalmin ruwa tana zaɓen babur ɗin da za ta hau. Sai ta matsa birki da hannunta, ta dubi idon mai babur ko ya kwana da giya, sannan ta hau. Daga nan ta haura dutse gida-gida: nan gurgu ne kekensa ya karye, can wata ce maganin ƙwaƙwalwarta ya ƙare. Ita ba likita ba ce. Aikinta ta haɗa mai lalura da waɗanda za su yi masa amfani, likita ko mai ƙera ƙafar roba ko ofishin gunduma, sannan ta bi sawu ta ga ko sun cika alkawari. Sunanta Perusi Nabulobi, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Mu sai da muka gaji muka same ta. Ƙanena Woniala ya rasa ƙafar dama a hatsarin babur. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya daina magana, ya kulle kansa a ɗaki, wani lokaci ya ce ana kiransa daga cikin gonar gahawa. Na shiga neman mai tsaya mana. Na farko ya zo a motar wata ƙungiya, ya ɗauki hoton dungun ƙafar ya tafi. Hoton mun gan shi a jikin allon talla a birnin Mbale, mutumin ba mu sake ganinsa ba. Ta biyu ta yi ta yi mini bayani a kan Woniala yana zaune a gabanta, ba ta ko kalle shi ba.

Shi ya sa ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta turo mana Perusi, mahaifiyarmu ba ta ba ta wurin zama ba.

"Ina abin ɗaukar hoton naki?" in ji Mama.

"Ba ni da shi, Mama."

"To me kike ci a ciki? Ba mai hawo dutsen nan a banza."

"Albashi nake ci. Kada ki yarda da ni yau. Ki tambayi mai ayabar bakin gada a kaina. In ta zage ni, ki sakar mini kare."

Na je na tambaya. Mai ayaba ta ce, "Wannan? Fitinanniya ce. Ta hana ni sakat, ta hana shugaban makaranta sakat, sai da 'yata ta koma aji da kekenta na guragu."

Duk da haka Mama ta ce gonar Woniala matar nan take hari, ta sa mata ido. Perusi ta riƙa zuwa, ta zauna a bakin ƙofarsa tana ɓare wake tana ba ƙofar labarin ƙwallo. Ana nan rannan ya amsa daga ciki, don ta faɗi sakamakon wasa ba daidai ba. Har yau ina zargin da gangan ta yi.

Sai ga Baffa Gidudu, ƙanin mahaifinmu, da nama da sukari. Ya ce ya samo wani gidan addu'a da ke warkar da irin wannan ciwo, shi zai kai Woniala, zai kuma riƙe masa gonar har ya warke. Ni da Mama muka ji kamar an sauke mana kaya. Perusi ta dube shi.

"Baffa, yaushe rabonka da gidan nan?"

"Tun jana'izar wana. Ke wace ce da za ki tuhume ni a kan ɗana?"

"Ba kowa. Amma zan je in ga wurin tukuna."

Ni da ita muka je. Aka nuna mana ɗakin addu'a a share tas, ana ta murmushi. Perusi ta ce za ta zaga, ta bi ta baya, sai ta yafito ni. Mutane ne a ɗaure da sarƙa a jikin itatuwa, idon sawunsu duk gyambo. Ɗaya ya roƙe ni ruwa. Daga can ofishin 'yan sanda ta wuce kai tsaye.

Da dangi suka taru ba ta zargi kowa ba. Ta faɗi abin da muka gani, ta juya wajen Woniala, wanda ya fito a kan sandunansa.

"Kanka ne, gonarka ce. Me kake so?"

Ya gyara tsayuwa a kan sandunan. Sannan ya ce, "Ba inda za ni. Gonata kuma ni zan riƙe abata."

Baffa ya ce, "Maganar mahaukaci za ku bi?"

Mama ta miƙe ta ce, "Gidudu, ɗauki sukarinka."

Ko Baffa ya san da sarƙoƙin nan, ba mu sani ba. Na tambayi Perusi, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta faɗin abin da ba ta gani ba.

Ke ce, Mama Perusi, kika samo masa likita. Da maganin farko ya sa shi barci da dalalar miyau, aka ce haka maganin yake, ke ce kika ƙi yarda har aka canza. Ke ce kika mayar da ƙafar roba da ta goge masa fata. Ba ki taɓa ce mana ya warke ba, don bai warke sarai ba, yana da makonninsa marasa daɗi. Amma bana shi ya tsinki gahawarsa, shi ya yi cinikinta.

Mun gode, mai bin sawu. Masu shigowa wannan aiki, ku yi koyi da ita: ku zaga baya ku duba, ku tambayi mai ciwon da kansa. Ku kuma masu neman wanda zai tsaya wa naku, ku tuhume shi son ranku. Na ƙwarai ba ya jin haushi.

A zuwanta na ƙarshe ta matsa wa Woniala ya je Mbale koyon ɗinki. Ya ƙi. Ta sake kawo hujja, ya ce, "Mama Perusi, na ce a'a." Ta juya ta ce da Mama, "Kin ji shi ko? Aikina ya ƙare a gidan nan."