Damanar da Muka Yi Noma da Rediyo a Reshen Gawo

Ko na manta komai, ba zan manta damanar da muka yi noma hankalinmu na kan wasu mutane da ke zaman sulhu a wata ƙasa mai nisa ba. Har yau in aka ambaci nukiliya sai gabana ya ɗan faɗi.

Ƙanena ya tafi ci-rani ƙasashen Larabawa, yana sauke kaya a wata tashar jiragen ruwa. A tsallaken tekun akwai ƙasar da ake zargin tana haɗa bam na nukiliya, abokiyar gabarta kuma ta rantse sai ta ragargaza masana'antun kafin a gama. Ya kira mu ya ce jiragen yaƙi sun cika ruwa, ga shi an tsayar da aiki, an hana ma'aikata fita.

Abin ya fi cin Baba. Ya daɗe yana haƙar uraniyom, ma'adinin da ake haɗa irin bam ɗin da shi, can arewa cikin hamada, kafin tari ya maido shi garinmu Karofane. Wata rana muna huɗa ya tsaya, ya dubi tafin hannunsa.

"Da hannun ga na hiddo dutsen nan," in ji shi. "In da shi aka kashe ɗana, mi zan ce ma Allah?"

Na ce, "Haba Baba, naka wutar lantarki aka yi da shi."

"Kai ka raka shi? Ni da na haƙa ban san inda ya tahi ba."

Na sunkuya na ci gaba da huɗa.

Daga nan kullum sai mu rataya rediyo a reshen gawo, muna noma muna saurare. Ƙasashen biyu sun yarda su zauna, amma yau a ce an matsa, gobe a ce an koma baya. Ranar da aka ce wakilan ɓangare ɗaya sun fice a fusace, na yar da hauya na hau zaginsu, na ce cin kaji kawai ya kai su. Lokacin ina da zafin kai, ina ganin dogon zance ragwanci ne.

Baba ya ce, "Bar su su yi ta tashi, in dai suna komowa. Wanda ka magana bai yi harbi ba tukuna."

Sun kuwa komo. Muna cikin maimai, wato noma na biyu, hantsi ya dubi ludayi bayan ruwan asuba, mai labarai ya ce an sa hannu: wadda ake zargi za ta rage tace uraniyom, ta bar masu bincike su shiga, abokiyar gabarta kuma ta sassauta mata takunkumi. Baba ya sa na maimaita masa har sau biyu. Sai ya durƙusa tsakanin kunyoyin hatsi, ya kai goshi ƙasa. Da ya ɗago, laka a fuska, hawaye na bin gemunsa, ni ma ban san sa'ad da nawa suka zubo ba.

Da la'asar ƙanena ya kira. "Baba, an koma aiki!" Baba bai iya cewa komai ba sai, "To, to, ka ci abinci."

Bayan kaka biyu ya dawo gida lafiya, ni na taro shi a tashar mota ta Buza.

Na ji daga baya yarjejeniyar ta sha tangal-tangal, kuma ban yi mamaki ba. Amma damanar ta koya mini kada in raina masu zaman sulhu, komai jan ƙafarsu. Kowace ranar da suka ɓata suna gardama, ɗan wani ne ya kwana da rai.