Bindiga cikin gero

Yayana falken shanu ne. A shekarar da aka fara tare hanyar kasuwar ƙauye ana kwashe mutane, ya sayi ƙaramar bindiga irin ta hannu, mai araha, wadda fentinta ya soma ɓarewa. Bai gaya wa kowa ba a gidanmu na Gawon Nama. Ya naɗe ta a tsohuwar hula ya tura cikin randar gero, don a ganinsa babu namijin da zai yi bincike a madafa. Ya manta cewa ni nake zura hannu a randar nan kowace safiya in ɗebi na kunu.

Da yatsuna suka taɓa ƙarfen, na ɗauka wuƙar Inna ce. Na warware hular, na gani, na ajiye a kan turmi, na tsaya.

Yaya ya shigo yana ɗaura agogo. Inna tana zaune gefen tulun ruwa tana tsince wake. Da ya ga bindigar, ya yi dariya, ya ce ƴar boko sai tsoro, wai makaranta ba ta koya mini komai ba sai rawar jiki. Ya zare gidan harsashin ya ɗaga mana, ya ce yanzu ƙarfe ne kawai, ko ludayi ya fi ta haɗari. Wanda ya sayar masa bai gaya masa cewa irin wannan tana riƙe guda ɗaya a ciki ba.

Ya ja kunamar. Tulun ya fashe, ruwa ya jiƙa zanen Inna, wake ya watse. Kunnena ya daɗe yana ƙara.

Maƙwabciyarmu, malamar firamare ƴar Filato, ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Inna ta ce tulu ne ya faɗi. Malama ta dubi ramin da ke bango, ta ce Allah ya kiyaye, ta sauka.

Sai Inna ta matse bakin zanenta, ta dubi Yaya.

"Abin ga ba ya ƙara kwana gidan ga. In ya kwana, kai ma ka nemi wurin kwana."

Ya ce to hanya fa, Inna? Ta ce ta ji, ta ci gaba da tsince waken daga ƙasa.

Da la'asar ya fita da bindigar, ya dawo hannu wofi. Ban tambayi inda ya kai ta ba. Ranar kasuwa ya tafi kamar kullum. Ni kuma har yau da ƙoƙo nake ɗiban gero, ba na sa hannu.